FASHIN BAƘI: Yadda zaɓen darussa a aji huɗu ke yanke wa ɗaliban Anka, Bukkuyum da Gummi makoma

A farkon kowace shekarar karatu akwai safiyar da ake tara ɗaliban da suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare, a raba su: waɗannan ɓangaren kimiyya, waɗancan ɓangaren adabi, wasu kuma kasuwanci idan makarantar na da shi. Rabon ba ya cin wani dogon lokaci. Amma yaro ɗan shekara 14 ko 15 daga Adabka, Bagega ko cikin garin Gummi, da zarar an kira sunansa a wannan safiya, an buɗe masa wasu ƙofofi an kuma rufe masa wasu, kuma sau da yawa ba a gaya masa waɗanne ba ne.

Sai bayan kimanin shekara biyu da rabi, ranar da ya zauna gaban kwamfuta zai cike fom ɗin jarabawar JAMB, sannan yake gane cewa aikin da ya ɗora wa rai yana buƙatar darasin da ya ajiye tun a aji huɗu. A wannan lokacin gyara ya yi tsada: ko dai ya sake zama jarabawar kammala sakandare, ko ya karɓi kwas ɗin da ya samu, ko ya haƙura da karatun baki ɗaya.

Wannan giɓi shi ne aikin malamin jagoranci da ba da shawara ya cike. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi alkawarin samar da shi tun shekaru kusan hamsin da suka wuce. A yammacin Zamfara, inda yaro kan samu damar zuwa babbar makaranta sau ɗaya tak idan ma ya samu, rashinsa ya fi ciwo.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Taimaka wa matashi ya zaɓi sana'a ta hanyar da aka tsara ya faro ne a birnin Boston na Amurka, inda Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'o'i a 1908. Hanyar da ya shimfiɗa mai matakai uku ce, kuma har yau a kanta ake tafiya: matashi ya san kansa, wato abin da ya iya da abin da yake so, ya san sana'o'in da ake da su da sharuɗɗan shiga kowace, sannan a zauna da shi a daidaita tsakanin biyun da hankali.

A Najeriya, masana kan danganta farkon aikin da shekarar 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Daga nan aka samu majalisar ba da shawara kan sana'o'i ta Ibadan, wadda ta bunƙasa ta zama ta ƙasa, kuma a 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, wato CASSON.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta fito fili ta amince cewa matasa da yawa ba su san hanyoyin sana'a da ke gabansu ba, don haka ta tanadi a naɗa jami'an ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Tsarin 6-3-3-4 da ya biyo baya a farkon shekarun 1980 ma a kan wannan tunani aka gina shi: bayan shekara uku na ƙaramar sakandare, a duba baiwar kowane yaro, a nuna masa ko babbar sakandare, ko kwalejin fasaha, ko koyon sana'a. Idan aka cire mai ba da shawara daga wannan tsari, abin da ya rage shi ne rabon yara bisa makin jarabawa guda, ko bisa ajin da ke da sauran benci, ko bisa inda aboki ya shiga.

Sarƙar da ke farawa daga aji huɗu

Dalilin da ya sa zaɓin aji huɗu ke da nauyi shi ne yadda ake shiga manyan makarantu. Domin shiga jami'a, ɗalibi na buƙatar kiredit biyar a jarabawar WAEC, NECO ko makamancinsu, a zaman da bai wuce biyu ba, kuma dole su kasance a darussan da kwas ɗin ya buƙata. Sannan a jarabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa zai rubuta darussa huɗu: Turanci, wanda wajibi ne ga kowa, da wasu uku da suka dace da abin da yake nema.

Mai son likitanci, aikin jinya ko likitancin dabbobi a jami'a sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci sai da Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya, yawancin jami'o'i na neman Adabin Turanci a wurinsa. Mai son aikin akanta sai da Lissafi da Tattalin Arziki. Duk wannan a rubuce yake a kundin bayanan kwasa-kwasai na JAMB, wanda ke kan intanet kyauta. To amma yaro ɗan aji uku a ƙauyen da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa, wane ne zai buɗe masa shi?

A ɗauki misalin yarinyar da ke burin zama ungozoma saboda ta ga yadda haihuwa ke cin rayukan mata a garinsu. Idan makarantarsu ba ta da malamin Fiziks, ko aka tura ta ɓangaren adabi don an ga ta iya Hausa da Addini, burin ya mutu tun kafin ta san akwai sharaɗi. Haka yaron da ke son zama alƙali, amma makarantarsu ba ta koyar da Adabin Turanci. Babu wanda ya faɗi jarabawa a cikinsu. Bayani ne bai iso gare su a kan lokaci ba.

Akwai kuma ƙananan matakai da kan kayar da ɗalibi mai ƙoƙari. Tun 2015 jarabawar UTME gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, don haka wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga da rauni. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da takardar WAEC kan jawo wahalar da za a iya kauce mata da gargaɗin minti biyar.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. Zamfara na cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ke nan akwai guraben da aka ware domin irin waɗannan yara, sai dai gurbi ba ya amfanar wanda bai nema ba, ko wanda ya nema da darussan da ba su dace ba.

Abin da ya sa matsalar ta fi tsanani a wannan yanki

Ko a ƙasashe masu arziki, matasa kan taru a kan 'yan sana'o'in da suka saba ji. Wani rahoton ƙungiyar OECD na 2020, wanda ya dogara da binciken PISA na 2018, ya gano cewa kashi 47 na samari da kashi 53 na 'yan mata masu shekara 15 a ƙasashe 41 suna sa ran yin ɗaya daga cikin sana'o'i goma kacal. Idan haka abin yake a inda ake da ɗakunan karatu da intanet, ina ga yaron da ma'aikatan da yake gani da idonsa ba su wuce malamin makaranta, malamin asibiti, ɗan sanda da soja ba?

A Anka, Bukkuyum da Gummi, rashin tsaro ya ƙara taƙaita wannan gani. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun mayar da dubban mutane 'yan gudun hijira a garuruwa irin su Anka, sun kuma sa ma'aikata da dama gudun aiki a karkara. Sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara ranar 26 ga Fabrairu, 2021, ya sa an rufe makarantun kwana. A watan Satumban shekarar, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantu a faɗin jihar, aka kuma katse layukan sadarwa na tsawon makonni. Duk zangon karatun da aka rasa, abin da ake fara yankewa idan an dawo shi ne duk wani abu da ba ya fitowa a jarabawa, kuma ba da shawara na sahun gaba.

Tun kafin nan ma alamu sun nuna yadda bayani ba ya isa ga iyaye. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta nuna damuwa cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarabawar shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya daga Zamfara, alhali ɗaya daga cikin waɗannan makarantu a garin Anka take. Sannan akwai shekarun da bashin da hukumomin WAEC da NECO ke bin jihar ya sa aka riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023, gwamnatinsa ta kuma sanar da biyan waɗannan basussuka. Amma ƙanen da ya ga yayansa ya gama sakandare ya zauna shekaru ba sakamako, ya riga ya ɗauki darasi: ramin zinare ya fi aji saurin biya.

Darasin gubar dalma ta 2010

Babu abin da ya nuna irin ma'aikatan da yankin ke buƙata kamar annobar gubar dalma. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje na ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarta kuma ita ce yara ke shaƙa suna haɗiya. Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da Bagega na cikin garuruwan da abin ya shafa. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, kuma MSF ta ci gaba da jinyar yara har zuwa 2022, lokacin da ta miƙa aikin ga hukumomi.

Su wane ne suka yi wannan aiki? Masu gwajin jini a ɗakin bincike, masana duwatsu da ma'adanai, injiniyoyin muhalli, jami'an tsaftar muhalli, ma'aikatan jinya da ma'aikatan lafiyar al'umma. Manyan ƙwararrun da suka jagoranci aikin daga wajen yankin suka zo, wasu ma daga wajen ƙasar. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i ana koyar da ita a Najeriya, kuma kusan dukkansu ta ajin kimiyya ake shigarsu.

Batun bai wuce ba. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adanai a Zamfara a Afrilun 2019, ta kuma ɗage haramcin a Disamban 2024. Haƙa bisa doka na buƙatar lasisi, neman lasisi kuma na buƙatar ƙwararre mai rajista a fannin ma'adanai. Ana karanta ilimin duwatsu da ma'adanai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ana kuma karanta injiniyancin haƙar ma'adanai a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Idan 'ya'yan Bagega ba su san da waɗannan kwasa-kwasai ba, rabonsu a arzikin ƙasarsu zai tsaya ne a shiga rami da ɗaukar buhu, wasu kuma su zo da takardu su riƙe ofis.

Haka abin yake a noma da kiwo. Fadamun Gulbin Zamfara da ke ratsa Bukkuyum da Gummi suna ciyar da jama'a da shinkafa da kayan lambu, amma ambaliyar da ta auka wa Gummi a Agustan 2024 ta nuna buƙatar masana ruwa, masu safiyo da masu tsara gari. Yanki mai dabbobi da yawa kuma yana buƙatar malaman dabbobi fiye da yadda yake samu.

Hanyoyin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar jami'a a matsayin hanya ɗaya tilo. A cikin jihar akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar jiha a Talata Mafara. Amma akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, inda ake samun difloma a shekara biyu. Kwalejin Ilimi ta Maru. Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya ta mata zalla a Gusau. Kwalejin aikin gona ta Bakura. Kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe. Da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Gusau. Ga ɗan Gummi ko Bukkuyum, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru a jihar Kebbi maƙwabciya ce.

Wanda hannunsa ya fi alƙalaminsa ƙarfi, akwai kwalejojin fasaha da jarabawarsu ta NABTEB, wadda takardarta ke kai mutum babbar makaranta. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar sana'a ɗaya daga cikin 34. A gyaran da aka sanar a 2025 an rage su zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. A garuruwan da wutar lantarki ba ta isa ba, mai iya haɗa sola da gyara famfon ban-ruwa ba zai rasa abin yi ba.

Ɗaliban makarantun Arabiyya da Islamiyya ma suna da tasu hanyar ta jarabawar hukumar NBAIS. Tarihin yankin ya nuna inda irin wannan karatu kan kai mutum. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, ya bi ta Makarantar Midil ta Sakkwato da Makarantar Shari'a ta Kano, ya ƙaro ilimi a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya kuma samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya riƙe muƙamin Babban Jojin Babbar Kotun Birnin Tarayya kafin ya zama Sarkin Gummi a 2013. Ɗalibin da aka zayyana masa matakan da irin waɗannan mutane suka taka ya fi amfana da wanda aka ce masa kawai ya dage da karatu.

Batun kuɗi shi ma bayani ne. Tun Mayun 2024 asusun NELFUND ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu mara ruwa, wanda ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Uban da bai san da wannan ba zai iya cire ɗansa daga lissafin karatu tun yana aji biyar.

Ga 'yan mata, shawara ba ta tsaya ga ɗaliba kaɗai ba, domin yanke hukuncin na hannun iyaye. Uban da aka yi masa bayani dalla-dalla, cewa kwas ɗin ungozoma shekara nawa ne, a ina ake yi, akwai ɗakin kwana ko babu, kuma 'yarsa za ta iya dawowa ta yi aiki a asibitin garinsu, ya fi kusa da amincewa. Al'ummar da ke son mace ta duba mace a asibiti, dole ta bar wasu 'ya'yanta mata su shiga ajin kimiyya.

Shin ba a sa keke gaban doki ba?

Akwai masu ganin cewa maganar ba da shawara alatu ce a inda azuzuwa ba rufi, malaman kimiyya suka yi ƙaranci, hanya kuma ba tsaro. Suna da hujja. Shawara ba ta ƙirƙiro aikin yi, ba ta kuma koyar da Kemistiri. Gaya wa yaro ya zama likita a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, yaudara ce.

Sai dai mai ba da shawara na gaskiya shi ne zai fara gano wannan giɓi, ya rubuta cewa yara kaza na son kimiyya amma babu malami, ya nemi a turo malami ko a mayar da yaran makarantar da ke da shi tun a aji huɗu. Kuma a cikin duk abubuwan da makarantun yankin ke buƙata, wannan ne mafi araha. Ba ya buƙatar kwangilar gini. Yana buƙatar malami guda da aka horar, aka rage masa darussa, aka ba shi awa ɗaya a jadawalin mako da kwafin sharuɗɗan JAMB a takarda.

Ingila ta bi irin wannan hanya bayan rahoton Sir John Holman na 2014, wanda ya fitar da ma'aunai takwas na kyakkyawan jagoranci. Daga cikinsu akwai haɗa ɗalibi da masu aiki ido da ido, kai shi wuraren aiki, da zama da shi shi kaɗai. Babu ɗaya a cikin waɗannan ukun da ya fi ƙarfin Anka ko Gummi, inda ake da babban asibiti, kotu, sakatariyar ƙaramar hukuma da masu sana'o'in hannu.

Tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi

Makarantun sakandare na jiha suna ƙarƙashin gwamnatin jiha ne, don haka a nan alhakin ya fi nauyi. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban garuruwa na iya neman amsa a rubuce daga Ma'aikatar Ilimi da 'yan majalisarsu: makarantu nawa ne a ƙananan hukumomin uku ke da malamin ba da shawara da aka horar? Nawa ne ke da malaman Fiziks, Kemistiri da Adabin Turanci? Nawa aka ware wa wannan aiki a kasafin kuɗi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci? Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke tallafawa kuma Zamfara ke cikinsa, me ya tanada a kan zaɓen sana'a?

'Yan siyasa sun saba raba fom ɗin JAMB kyauta, kuma taimako ne. Amma fom na zuwa ne a aji shida, bayan an gama zaɓen darussa da shekara biyu da rabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaliban yankin da ke jami'o'i da kwalejoji, waɗanda suka riga suka sha wuyar wannan hanya, su ne suka fi kowa sanin inda ake tuntuɓe. Idan kowace ƙungiyarsu ta ɗauki makaranta guda a lokacin hutu, ta zauna da 'yan aji uku da iyayensu kafin ranar rabon azuzuwa, yaron Adabka da za a kira sunansa a wannan safiya zai san abin da ya zaɓa da abin da ya bari.